Leda Ɗaya, Magani 11: Nazarin Lamarin Wata Dattijuwa Mai Suga, Hawan Jini da Ciwon Ƙoda

Mara lafiyar da wannan nazari ya shafa dattijuwa ce 'yar shekara 60, mai sayar da atamfa da mayafai a cikin gida. Maigidanta ya rasu shekara biyu kafin ta zo wurinmu. Hajiya kawai zan riƙa ce mata, kuma na cire duk abin da zai sa a gane ta. Ta yi shekara 14 da hawan jini, shekara 11 da ciwon suga, ga ciwon gwiwa da ya hana ta sujada yadda ta saba. Takardar da aka turo ta da ita sashenmu na cututtukan cikin jiki layi biyu ce rak: suga ya ƙi sauka, ƙafa tana kumbura, a duba ko za a fara mata allurar insulin.

Abin da ya kawo ta

Ita Hajiya ƙafar ce ta dame ta, don takalmanta sun daina shiga. 'Yarta da ta rako ta kuwa wata magana ce a bakinta daban. Ta ce, "Likita, sau uku ke nan a watan nan muna tarar da Umma da asuba ta jiƙe sharkaf da gumi, jikinta yana rawa, tana magana ba kan gado. Sai an ɗura mata shayi ko koko take dawowa hayyacinta." A gida an rabu biyu a kan abin. Wasu sun ce iska ce, har an yi mata ruƙiyya. Wasu sun ce jinin ne ke hawa, saboda haka a duk ranar da abin ya faru sai a ƙara mata ƙwayar hawan jini guda. Babu wanda ya kawo sugan a ransa, domin duk zuwan da take yi asibiti ce mata ake yi sugan ya yi yawa.

Na tambaye ta lokacin da ake auna ta. Ta ce sai bayan azahar layi yake zuwa kanta, kuma kafin nan ta ci wani abu a bakin asibiti. Na tambaye ta cin abincin dare. Ta ce tun rasuwar Alhaji abinci ya fita a ranta, wani daren ruwan shayi kawai take sha ta haɗiyi magani ta kwanta. Tana kuma azumin Litinin da Alhamis, ba ta taɓa gaya wa wani likita ba, don ba wanda ya taɓa tambayarta.

Ledar magani

A irin wannan asibiti dokarmu ita ce a zo da duk abin da ake sha, har na kemis da na gargajiya. 'Yar ta zazzage baƙar leda a kan tebur muka shiga warewa. Daga asibitin masu suga akwai metformin 1,000mg sau biyu a rana, da glibenclamide 5mg da aka mayar sau biyu a rana wata huɗu da suka wuce, duka biyun na suga, sai na hawan jini, lisinopril 10mg da amlodipine 10mg. Daga wani asibitin kuɗi na unguwarsu akwai ƙwayar hawan jini mai sa fitsari da ta haɗa amiloride da hydrochlorothiazide, sai wani farin kwali mai sunan kamfani da manyan baƙaƙe. Da na juya bayansa, amlodipine 10mg ne shi ma. Ke nan Hajiya tana shan 20mg a rana, ninki biyu na iyakar abin da ake bayarwa, tana ganin magani biyu ne daban saboda kwalayen ba su yi kama ba. Akwai furosemide, maganin sa fitsari, da aka rubuta mata ranar da ta je nuna kumburin ƙafa. Akwai omeprazole na ƙwannafi, da ƙwayar ƙarin jini. Sai ƙananan ƙulle-ƙulle na farar leda daga kemis, abin da ta kira "haɗin gwiwa". Kowane ƙulli ƙwaya biyu ne. Mai harhaɗa magungunanmu ya duba ragowar fallen da 'yar ta karɓo daga mai kemis ɗin: diclofenac ne, maganin kashe ciwo, da prednisolone, maganin rage kumburi mai kwaikwayon wani sinadarin da jiki ke yi. Ta kai wata bakwai tana shan ƙulli ɗaya kowace safiya, wata ranar biyu.

Idan aka ɗauki kowace takardar magani ita kaɗai, da wuya a ce wanda ya rubuta ta ya yi ganganci. Wanda ya ga suga 14 da rana ya ƙara maganin suga. Wanda ya ga jini a sama ya ƙara maganin hawan jini. Wanda ya ga ƙafa a kumbure ya ba da maganin fitsari. Kowa ya yi maganin abin da aka ajiye a gabansa cikin 'yan mintunan da yake da su, da kati daban, a gini daban. Lamarin ya zama kamar adashin da ba shi da uwar adashi: kowa yana zubi, ba mai riƙe da lissafi.

Gwajin jiki da na jini

Nauyinta kilo 88. Da muka auna jini da babban ɗamara daidai kaurin damtsenta, bayan ta zauna ta huta, mun sami 158/92, muka sake muka sami 156/90. Ƙafafun biyu sun kumbura zuwa rabin ƙwauri, amma jijiyoyin wuyanta ba su cika ba, ƙirjinta fes, tana kwanciya da matashi ɗaya ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Wannan ya rage zargin gazawar zuciya ƙwarai. Fuskarta ta yi ɗan zagaye, fatar hannunta ta yi laushi, akwai tabon taruwar jini inda ta ɗan bugu, alamun wanda ya daɗe a kan prednisolone.

Na ce ta cire safa. Ta yi jim, ta ce shekara 11 ba wanda ya taɓa cewa ta cire. Tafin ƙafar ya sha lalle har ya yi baƙi, wanda yakan ɓoye canjin launin fata, dole sai da hannu ake lalubawa. A dunduniyar hagu akwai faso mai zurfi da bai kai ga ruwa ba. Da na taɓa ta da siririn zaren gwaji, ba ta ji komai ba a ƙarƙashin manyan yatsu biyu da tudun tafin. Bugun jini a ƙafar yana nan lafiya.

Sakamakon jini ya fito a ranar. Kiriyatinin, dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, 160 ne, wanda idan aka lissafa da shekarunta ya ba da ƙarfin tacewar ƙoda, wato eGFR, kusan 32. Na mai lafiya yakan wuce 90. Fotasiyam, sinadarin jini da yawansa ke iya rikita bugun zuciya, 5.7, ya haura iyaka, amma hoton bugun zuciya bai nuna ya fara taɓa zuciyar ba. HbA1c, awon da ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, 7.8 cikin ɗari. Fitsari ya nuna furotin yana yoyo. Muka ba su aron na'urar auna suga, muka ce a auna da asuba kafin ta ci komai da kuma bayan la'asar. Awon asuba na farko 3.1 ne, ya yi ƙasa sosai, na la'asar 15.2, ya yi sama sosai.

Yadda abubuwan suka sarƙe

A nan ne aikin likitan cikin jiki yake, kuma a nan zan ɗan daɗe. Prednisolone da aka sha da safe yana ɗaga suga ne daga azahar zuwa magariba, sannan ƙarfinsa ya ja baya cikin dare. Daidai lokacin da yake kan ganiyarsa ake auna Hajiya, shi ya sa kullum ake ganin suga a sama, aka ninka mata glibenclamide. Shi kuma glibenclamide magani ne mai daɗewa a jiki, kuma ƙoda ce ke fitar da ragowarsa masu aiki. Ƙodar da ta yi rauni ba ta iya fitar da su a kan kari. Sai ga mace ta sha shi da dare a kan ruwan shayi, prednisolone ya sake ta, maganin suga yana ta aiki har asuba. Gumin nan da rawar jiki da sambatu faɗuwar suga ce. Da an bi takardar da aka turo ta da ita an ɗora mata insulin, ina jin tsoron wata asubar ba za a iya tashinta ba.

Ƙodar ita ma ba haka kawai ta faɗi ba. Diclofenac da 'yan uwansa irin su ibuprofen suna tsuke hanyar da jini ke shiga matatar ƙoda. Lisinopril yana sassauta hanyar da jini ke fita. Magungunan fitsari suna rage ruwan jiki gaba ɗaya. Haɗuwar ukun nan a jiki ɗaya sananniyar hanya ce ta durƙusar da ƙoda, ballantana wadda suga da hawan jini suka riga suka ci shekaru suna sassaƙa. Fotasiyam kuwa abu uku ne suka taru suka riƙe shi: lisinopril, amiloride da diclofenac. Kumburin ƙafa mafi yawansa aikin amlodipine ne da aka ninka, domin yana buɗe ƙananan hanyoyin jini ruwa ya tsattsafo cikin nama, kuma irin wannan kumburi ba ya jin furosemide. Diclofenac da prednisolone sun ƙara da riƙe gishiri, su ne kuma suka hana jinin sauka duk da tulin magani, su ne suka kawo ƙwannafin da aka ba da omeprazole dominsa. Idan aka bi zaren, gwiwa ce mafarin kusan komai, ita ce kuma ba wani asibiti da ya taɓa dubawa.

Abin da aka yi

A ranar farko ragi muka yi, ba mu ƙara ko ƙwaya ɗaya ba sai paracetamol. Mun tsayar da glibenclamide gaba ɗaya, da diclofenac, da furosemide, da ƙwayar amiloride, da kwali ɗaya na amlodipine. Lisinopril da metformin mun jingine su na ɗan lokaci har mu ga inda ƙoda da fotasiyam za su tsaya. Prednisolone ba a yanke shi farat ɗaya ga wanda ya yi watanni a kansa, domin jiki ya riga ya rage yin nasa sinadarin, yankewar na iya jefa mutum cikin mummunan hali. Muka rubuta mata yadda za ta riƙa rage shi sannu a hankali cikin makonni.

Hajiya ba ta ji daɗi ba. Ta ce, "Likita, na zo a ƙara mini magani, kai kuma kana kwashewa. In jinin ya hau ya kayar da ni fa?" Tsoronta yana kan hanya, don ƙanwarta ta sami shanyewar ɓarin jiki. Na ce mata, "Hajiya, ba sakin ki za mu yi ba. Jibi za ki dawo a sake ɗibar jini a auna ki, kuma ni za ki gani." Na lura wannan kalma ta ƙarshe ita ta fi kwantar mata da hankali. Na raba ledar biyu a gabanta, na sa 'yar ta tafi da waɗanda aka soke gidanta, domin maganin da aka bari a ɗaki komawa kansa ake yi ranar da ciwo ya motsa.

Da ta dawo fotasiyam ya sauka 5.0. Bayan mako biyu kiriyatinin ya dawo 134, kumburin ya sauka zuwa idon sawu, kuma ba a sake ganin gumin asuba ba. Sai muka fara gini. Metformin ya dawo a kan 500mg sau biyu, wanda shi ne iyaka ga mai eGFR tsakanin 30 da 44. Ƙasa da 30 barin sa ake yi. Lisinopril ya dawo a 5mg, aka sake gwajin ƙoda bayan mako guda, sannan aka ɗaga shi a hankali zuwa 20mg, domin ga mai suga da furotin a fitsari shi da danginsa ne ke rage saurin lalacewar ƙoda. Amlodipine ya tsaya a 10mg ɗaya. Haɗa waɗannan biyun yana da madogara a nan gida: binciken CREOLE da aka buga a 2019, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashe shida na Afirka da marasa lafiya 728, ya nuna haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi sauke jinin baƙar fata a kan haɗin perindopril da hydrochlorothiazide. Muka ƙara atorvastatin 20mg da dare saboda kare jijiyoyin zuciya da ƙwaƙwalwa. Da sugan la'asar ya ƙi sauka ƙasa da 11 bayan an gama janye prednisolone, muka sa gliclazide 40mg da safe tare da karin kumallo, wanda ya fi glibenclamide aminci ga mai raunin ƙoda.

Gwiwa ta sami nata kason. An yi hoto, ya nuna zaizayar gaɓa. Aka tura ta sashen gashi, suka koya mata motsa jikin da ke ƙarfafa naman cinya. Ta koma salla a kan kujera, aka sa mata masai na zama, ta karɓi sanda bayan doguwar muhawara. Ciwon bai tafi duka ba, kuma na gaya mata gaskiya ba zai tafi duka ba. Abin da na roƙe ta shi ne duk ranar da ya matsa ta zo wurinmu kafin ta aika kemis.

Maganar gishiri da jikarta muka yi, domin ita ke girki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, ƙasa da cokalin shayi ɗaya ke nan, kuma ɗunƙulen miya da kanwa duk suna cikin lissafin. A tukunyarsu ɗunƙule shida ake jefawa bayan gishiri. Ba mu ce a yi wa Hajiya tukunya daban ba, don na ga yadda hakan ke sa tsofaffi su daina cin abinci. Cewa muka yi a rage na gidan gaba ɗaya kaɗan-kaɗan, a ƙara daddawa da citta da tafarnuwa. Mun kuma gargaɗe su da gishirin da ake tallatawa na masu hawan jini, domin fotasiyam ne a cikinsa, bai dace da ita ba.

Ƙafa: man shafawa a dunduniya kullum, takalmi rufaffe ko a tsakar gida, a daina jin ɗumin garwashi da sanyi, jikar ta riƙa duba tsakanin yatsu bayan alwalar isha'i. Rashin cin abinci da rashin barci kuwa, da na zauna da ita ba 'yar a wurin, sai ta yi kuka. Ba ta kai ga buƙatar magani ba a ganina, amma mun sa abin cikin jerin matsalolinta muna tambaya duk zuwa, kuma ta koma makarantar Islamiyya ta matan unguwa da ta bari tun takaba.

Bayan wata uku eGFR ya tsaya a 41. Tun da ya wuce wata uku yana ƙasa da 60, ya tabbata ciwon ƙoda ne mai ɗorewa, mataki na uku. Jini 134/82, HbA1c 7.6, kuma ban nemi in matse shi ƙasa da 7 ba ga mace mai shekarunta da ta sha faɗuwar suga. Magungunanta na kullum sun dawo biyar.

Azumi

Da Sha'aban ya kama ta kawo maganar da kanta. Ƙa'idojin da Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta fitar tare da masana azumi da suga a 2021 suna auna haɗari ne da abubuwa irin su ƙarfin ƙoda, da faɗuwar suga a kwanan baya, da irin maganin da ake sha. Hajiya ta faɗa cikin masu babban haɗari, ga shi azumin ya zo da zafi. Na faɗa mata ra'ayina a fili cewa kada ta yi na bana, na ce ta kai bayanin ga malaminta. Ta dawo ta ce ya ce ta ciyar. Na san ba kowa ke karɓa haka ba. Wanda ya dage sai ya yi, gara a zauna da shi a gyara lokutan magani, a koya masa cewa auna suga ba ya karya azumi, kuma in awo ya yi ƙasa da 3.9 ko ya haura 16.6 ya sha ruwa nan take.

Abin da lamarin ya nuna game da tsarinmu

A Amurka likitan cikin jiki, bayan horon shekara uku, yakan zama likitan farko na babban mutum, shi ke riƙe da fayil ɗinsa shekara da shekaru, shi ke tura shi wurin ƙwararru ya kuma karɓi amsarsu. A Ingila likitan unguwa ne ke wannan aiki. A Najeriya likitocin cikin jiki kaɗan ne, yawancinsu suna manyan asibitocin koyarwa, kowa ya ware da ɓangarensa: wannan zuciya, wannan ƙoda, wannan suga. Sashen marasa lafiya na gaba ɗaya yana hannun likitocin iyali, waɗanda aikin nan nasu ne su ma, amma cunkoso ya sa da wuya mutum ya ga fuska ɗaya sau biyu a jere. Ni ban damu da sunan wanda zai riƙe ba. Abin da na tsaya a kai shi ne duk mai cuta uku ko huɗu masu ɗorewa ya kamata a ce ga likitansa guda, mai jerin matsalolinsa a shafi ɗaya da jerin magungunansa a shafi ɗaya, wanda in wani ya ƙara ko ya rage sai ya sani.

Ba kowane mai hawan jini ne ke buƙatar mu ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce manya kusan biliyan 1.3 ke da hawan jini, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta isa. Wannan taro sai ƙananan asibitoci. Shirin shawo kan hawan jini da aka fara a 2020 a ƙananan asibitoci 104 na jihohin Kano da Ogun ya ɗora aikin a hannun ma'aikatan lafiya na matakin farko da tsari mai sauƙi: a fara da amlodipine, a ƙara losartan, a ɗaga su, a ƙara hydrochlorothiazide, in ya ƙi a tura gaba. Irin su Hajiya su ne "gaba" ɗin, kuma idan aka turo su ya kamata su tarar da mai duba mutum gaba ɗayansa.

Inda aka tsaya

Sauran abu biyu ba su warware ba. Likitan ido ya ga suga ya fara taɓa bayan idonta na dama, ya ba ta wata shida ta koma. Na biyu wani maganin suga ne, dapagliflozin, wanda binciken DAPA-CKD na 2020 ya nuna yana rage saurin lalacewar ƙoda, kuma ajinsa ya shiga jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021. Hajiya ta cancance shi sarai. Amma tun tashin farashin magani da ya biyo bayan faɗuwar naira a 2023, kuɗinsa na wata ya fi na sauran magungunanta biyar a haɗe, kuma ba na son a fara a tsaya. Babban ɗanta yana bin hanyar sa ta cikin inshorar lafiya ta jiha, mun kuma ce ya tambaya ko maganin yana cikin waɗanda suke biya. Kafin nan za ta riƙa zuwa duk wata uku da ledarta da littafin awonta, a sake gwajin ƙoda da fotasiyam, kuma mun rubuta wa likitan ƙoda cewa za mu turo ta idan eGFR ya sauka ƙasa da 30 ko furotin ɗin fitsari ya ƙaru.